Muryar Dare da Ruwan Bazara



Abubuwa biyu ne suka cika bakin mutane a majalisun Farin Dutse a bazarar nan, kuma wanda ya ji su zai ce me ya haɗa kifi da kaska. Na farko, mai gabatar da shirin hirar dare na wata tashar gwamnati da muke kamawa a nan ƙasar Gwaram da Birnin Kudu ya yi ritaya. Na biyu, an yi ruwa tun kafin lokacinsa, ruwa mai ƙarfi har da kwaranya, sannan sama ta ɗauke kamar ba a taɓa yi ba. Mu dai mun ga inda suka haɗu, shi ya sa muka kawo maganar nan, domin ta shafi aikin da muke koyo.

Bari mu fara da mutumin. Ba za mu kama sunansa ba, tunda ba mu nemi izininsa ba, kuma shi da bakinsa ya ce hutu yake so. Waɗanda suka sani sun sani. Babu wanda ya kore shi, ba kuma rashin lafiya ba ce. Ƙa'idar aikin gwamnati ce ta cim masa: shekara 35 a bakin aiki ko shekara 60 da haihuwa, duk wadda ta riga zuwa. Wato tun kafin a haifi yawancinmu yake zama gaban abin magana.

Shirin nasa ba wani abin a zo a gani ba ne. Bayan an yi isha an ci tuwo, labarai sun wuce, sai a ji sallamarsa. Yau baƙonsa malamin gona ne, gobe unguwarzoma, jibi direban da ya shekara talatin yana bin hanyar Kano zuwa Maiduguri, wata rana likitan dabbobi ko sarkin pawa. A da wasiƙu yake karantawa, daga baya aka koma bugo waya. Muna yara, rediyon tana kan tabarmar Baba a tsakar gida, an ɗaure murfin batirinta da roba, mu kuma muna kwance gefe muna barcin ƙarya don kada a kora mu ɗaki. A nan muka fara jin yadda ake tambaya. Ba ya katse baƙo. Idan baƙo ya yi shiru yana neman kalma, shi ma sai ya yi shiru, ba ya tsoron iska ta zauna babu magana. Idan kuma wani ma'aikaci ya kwararo Turanci, sai ya bari ya kai aya, sannan ya ce, "To ranka ya daɗe, yanzu a faɗa wa tsohuwar da ke sauraronmu a ƙauye." Da yawa daga cikinmu da ke riƙe da alƙalami yau, daga bakin irin waɗannan mutane muka koyi inda jimla take numfashi, tun ba mu san sunan nahawu ba.

Daren da ya yi bankwana bai kawo baƙo ba. Ya lissafa garuruwan da aka saba bugo masa waya, ya gode wa masu haɗa sauti da direban da ke mai da shi gida tsakar dare, sannan ya ce duk wanda ya taɓa ɓata wa rai a cikin shekarun nan, don Allah ya yafe masa. Haka Bahaushe yake barin wuri. A teburin mai shayi, mutanen da ba su taɓa ganin fuskarsa ba suka amsa da ƙarfi, "Mun yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Wannan irin sabo da muryar dare ba mu kaɗai muke da shi ba. A Amurka akwai David Letterman, wanda ya fara shirin hirar dare a talabijin a 1982 a tashar NBC, ya koma CBS a 1993, ya kuma yi shirinsa na ƙarshe ranar 20 ga Mayu, 2015. Shekara 33 ke nan, shiri sama da 6,000. Tun a watan Afrilun 2014 ya sanar cewa zai tafi, aka yi fiye da shekara guda ana yi masa rakiya. Kafin shi Johnny Carson ya yi shekara 30, daga 1962 zuwa 1992. Su nasu shirin raha da barkwanci ne tare da 'yan fim da mawaƙa, namu kuwa taki ne da allurar rigakafi da farashin buhu, amma jijiyar ɗaya ce. Muryar da mutum yake ji da rana tana gogayya da hayaniyar kasuwa. Wadda yake ji da dare, yana kwance, ya ajiye gajiyarsa, ita ce take shiga gida ta zama kamar ɗan uwa. Dare mahutar bawa ne, kuma ba kowa ake bari ya shigo a lokacin ba.

Mun san darajar bankwanan nan ne domin mun ga yadda rashinsa yake. Sashen Hausa na Muryar Amurka ya fara aiki a 1979. Shekara da shekaru, ƙarfe tara da rabi na dare agogon Najeriya da Nijar lokacinsu ne, bayan BBC ta gama nata na takwas da rabi. Mun tashi da muryoyin su Aliyu Mustapha Sokoto, Halima Djimrao, Ibrahim Alfa Ahmed, Grace Alheri Abdu da Sarfilu Hashim Gumel. Ranar 14 ga Maris, 2025, Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin rage hukumar da ke kula da tashar, washegari Asabar aka ce wa ma'aikata kimanin 1,300 su zauna a gida. Ana tsakiyar azumi, watan Ramadan ya kwana goma sha biyar. Mutane suka dawo daga asham suka murɗa rediyo, babu labarai, sai kiɗa. A ƙasar da kiɗa a madadin labarai yake nufin sojoji sun karɓi mulki, ba abin mamaki ba ne da wasu dattawa suka shiga tambaya ko juyin mulki aka yi a Amurka. Shekara 46 ana hira da mutane, amma ba a bar kowa ya ce musu sai wata rana ba. Ko da za a mai da komai yadda yake, wancan daren an riga an yi shi babu sallama.

To, yanzu ga maganar ruwa.

Duk wanda ya tashi a gidan noma ya san shekara tana da tsari. Malamai da tsofaffin manoma suna lissafa ta da taurari 28, kowane tauraro kwana 13, sai guda ɗaya mai kwana 14, shi ya cika 365. Bakwai na bazara, bakwai na damina, bakwai na kaka, bakwai na ɗari. Idan ana cikin Surayya da Dabaran, bazara ce take tattara kayanta. Idan aka shiga Haƙ'a da Han'a da Zira'a, sungumi ya fito. Ban da taurari akwai alamu na ƙasa. Shamuwa takan dawo ta fara sheƙa a kan manyan itatuwan gari. Gawo, wanda ya sha rani da ɗanyen ganye, sai ya fara zubar da shi. Iska takan juya, ta daina zuwa daga gabas da ƙura, ta riƙa tasowa daga kudu da yamma da ɗan laima a jikinta. A nan kudancin Jigawa, ruwan shuka na gaskiya yakan zauna ne daga ƙarshen Mayu zuwa cikin Yuni.

Masana yanayi suna faɗin abu ɗaya da nasu harshen. Iska biyu ce take jayayya a kanmu: busasshiya daga Sahara, wadda ke ɗebo mana hazo daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, da mai laima daga tekun Atlantika. Inda suka yi karo, nan ne bakin damina, kuma wannan layi yana hawowa arewa a hankali daga Maris har ya iso mu. Wani lokaci iskar teku takan yi tsalle ta leƙo arewa kwana biyu ko uku, ta haɗa hadari, ta zubar, sannan ta Sahara ta kora ta baya. Wannan shi ne ruwan bazara. Ruwa ne na gaske, yana jiƙa ƙasa, yana tayar da ƙamshin nan da ke sa zuciyar manomi rawa, amma babu damina a bayansa.

Ruwan bazara ba sabon abu ba ne, kakanninmu sun san shi. Abin da ya sauya shi ne yadda tsarin ya yi ta kwancewa a idonmu. Muna firamare a watan Maris na 2010 hazo ya dawo bayan kowa ya naɗe bargo, ya rufe ƙasar nan har jiragen sama suka kasa tashi. A 2022 ruwa ya yi yawa, ambaliya ta ci rayuka sama da 600 a Najeriya, Jigawa tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. A azumin 2024 kuwa zafi ne ya kai inda ya kai, har a garin Kayes na ƙasar Mali aka auna digiri 48.5 ranar 3 ga Afrilu. Hunturu yakan makara, ko ya zo ya yi kwana kaɗan ya tafi. Taurari suna nan a inda suke, ruwan ne ya daina bin su sau da ƙafa. Tsohon da a da zai dubi sama ya yanke magana, yanzu yakan ce, "Allah ne masani, zamanin ya sauya."

Bana da aka yi ruwan nan, gari ya rabu biyu. Da sassafe ƙannenmu suka fito da sungumi, Baba ya dube su ya ce, "Ku mai da shi inda kuka ɗauko. Kun ga shamuwa?" Amma ba kowane gida ne yake da mai cewa a dakata ba. A daren ranar wani saƙon murya ya yi ta yawo a WhatsApp, wani mutum da bai faɗi sunansa ba, bai faɗi inda yake aiki ba, yana rantsuwa cewa masana sun tabbatar damina ta sauka da wuri bana, wanda bai shuka ba ya yi asara. Wata gwaggonmu, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da marayu da gona ɗaya, ta ji saƙon a wayar ɗan maƙwabta. Ta fito da irin geronta, wanda ta zaɓa zangarniya-zangarniya tun kaka ta rataye shi inda ɓera ba zai kai ba, ta shuka shi duka. Kwana huɗu ya tsiro, layi-layi, gwanin sha'awa. Mako uku babu ko yayyafi, rana tana dukan ƙasa, tsiron ya murɗe ya zama kamar zare. Yanzu sai ta nemi kuɗin iri a kasuwar Sara, a daidai lokacin da hatsi ya fi tsada a shekara, kuma ba lalle ta samu irin da ya san gonarta ba.

Kada a ce ganganci ta yi. Shuka da wuri caca ce da manoma suka daɗe suna yi, har binne ake yi a busasshiyar ƙasa a jira ruwa, kuma shekarar da abin ya karɓa, wanda ya riga shi ke fara cin tumu. Abin da ta rasa shi ne wanda zai auna mata cacar. Da muka je yi mata jaje, abin da ta ce shi ne, "Ai da mutumin nan na rediyo yana nan, da ya kira malamin gona mun ji ta bakinsa."

Gaskiyarta. Kowace shekara Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, da lokacin da ake sa ran saukar ruwan shuka a kowane yanki, tana kuma gargaɗi a kan ruwan farko mai yaudara. Amma takarda ba ta da ƙafa. Sai an samu muryar da za ta ɗauke ta daga ofis ta kai ta tsakar gida da Hausar da tsohuwa za ta gane. Shekara da shekaru, duk daren da aka yi ruwan bazara, mutumin nan yakan ajiye abin da ya shirya ya nemo malamin gona, ya tambaye shi tambaya ɗaya ta hanyoyi daban-daban har sai amsar ta fito fili: a shuka ko a dakata? Kuma mutane suna yarda da shi, ba don ba ya kuskure ba. Suna yarda da shi ne domin yana da suna, yana da lokaci, kuma gobe war haka yana nan, duk wanda maganarsa ta cuta zai iya bugo waya ya faɗa masa a gaban duniya. Mai saƙon WhatsApp fa, ina gwaggo za ta same shi?

An sa wani matashi a gurbinsa, kuma muna yi masa fatan alheri, muryarsa mai daɗi ce. Sai dai amana ba a gadonta tare da kujera. Shi ma sai ya yi nasa shekarun yana zuwa a kan lokaci kafin tsohuwa ta bar irinta a rataye saboda maganarsa.

Mu da muke karatun adabi bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Ku tuna littafi na ɗaya na Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Duk dare Musa ɗan sarki yakan shirya zai fita, alhali tarkon Waziri yana jiransa a waje, aku kuma ba shi da takobi ba shi da garkuwa, sai baki. Da labari yake riƙe shi har gari ya waye. Idan muka duba da kyau, akun nan shi ne mai shirin hirar dare na farko a rubutaccen adabinmu, kuma aikinsa duka bai wuce cewa "dakata" ta hanyar da mai saurare zai so ya dakata ba. Da ya yi fashin dare ɗaya, da labarin ya ƙare tun a nan.

Ga inda maganar ta iso ƙofarmu. Mu ne zuriyar da ke rubutu a waya. Yau ba ma jiran maɗaba'a ko 'yan kasuwar littafi, muna sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Facebook da Wattpad, masu karatu suna biye da mu dare da rana. Amma ku faɗi gaskiya, labari nawa kuka fara bi a bara da har yau ba a ƙarasa ba? Marubuci zai fito da zafinsa, shafi goma a mako guda, mutane su kamu, wasu har su tura kuɗi a sa su a rukunin masu biya, sai a wayi gari shiru. Babu ci gaba, babu bayani, babu ko a yi haƙuri. Bayan wata huɗu sai ga shi da sabon labari da sabon suna. Wannan shi ne ruwan bazara a rubutu. Mai karatu ya fito da irinsa, wato lokacinsa da kuɗin datarsa da yardarsa, ya zuba, abin ya tsiro, sannan sama ta ɗauke. Wanda aka yi wa haka sau biyu, ko damina ta gaske ta zo ba zai yi saurin fitowa ba, kuma asarar ba ta marubuci ɗaya ba ce, ta dukkanmu ce.

Ba baiwa ce ta ba mutumin nan shekara 35 ba. Akwai waɗanda suka fi shi murya da iya zance, suka haska shekara biyu suka ɓace. Shi dai ya riƙe lokacinsa ne, da ruwa da iska, ranar da yake da baƙo mai daɗin hira da ranar da baƙon ya ƙi zuwa. Don haka wanda zai iya shafi ɗaya a mako, ya ce shafi ɗaya a mako, ya kuma cika. Ya fi a yi alkawarin kullum a ɓace. Idan uzuri ya taso, jarrabawa ko jinya ko haihuwa, layi biyu sun isa a sanar da masu karatu. Idan kuma labarin ne ya ƙi tafiya, a fito a ce ya ƙi, a nemi afuwa, a mayar wa waɗanda suka biya haƙƙinsu. Alkawari kaya ne, kuma sallama ba ta rage wa kowa daraja.

Akwai kuma aiki biyu da muke ganin suna jiranmu, ba sa bukatar jari. Na farko, kowannenmu ya ware ɗan littafi don yanayin garinsu. A rubuta ranar da aka yi ruwan farko, ranar da shamuwa ta iso, ranar da aka yi shuka da ko ta kama, ranar da kogin Bunga ya kawo, ranar da hazo ya sauka da ranar da ya ɗaga, da abin da tsofaffi suka ce a kai da kalmominsu. Yau abin zai yi kama da wasa. Bayan shekara goma, littafin nan zai faɗi abin da babu wanda ya rubuta game da Farin Dutse ko Sara ko Bamaina, kuma marubucin da ke da shi ba zai ƙara buɗe labari da "wata rana da damina" ba, domin ya san wace rana ce, ya san bambancin yayyafi da marka.

Na biyu, tsofaffin ma'aikatan rediyo suna nan a garuruwanmu, a Dutse da Kano da Kaduna da Bauchi, suna zaune a ƙofar gida suna jiran fansho. Rediyon Kaduna tun 1962 take magana, BBC Hausa tun 1957, amma magana iska ce, kaset kuma yana cin kansa a cikin kwali. Mutumin da ya shekara talatin yana yi wa jama'a tambaya, da wuya a samu wanda ya taɓa zama ya tambaye shi. Wayar da muke rubutu da ita tana ɗaukar murya. Mu je mu gaishe su, mu nemi izini, mu tambaye su yadda suka fara, wa ya koya musu, wace kalma suka ƙirƙira da yanzu kowa yake faɗa bai san mai ita ba. Mu rubuta da sunansu da yardarsu tun suna iya gyara mana.

Har zuwa yau da muke wannan rubutu, shamuwa ba ta iso ba. An gama sharar gona, an kai taki, jama'a sun haɗa wa gwaggo abin da ya sawwaƙa na iri, kowa yana duban gabas da yamma ko hadari zai haɗu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba dattijon nan hutu mai amfani da lafiya.

Wanda yake da labarin da ya bari a rataye, wannan makon ya dace ya koma kansa, ko ya je ya yi wa masu karatunsa sallama. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.